Haƙuri Ne Ko Sakaci?

'Yan'uwa Musulmi, a ƙasan cibiyar ɗan Adam ta hannun dama akwai wani ɗan tsiron hanji mai tsawon yatsa, wanda likitoci ke kira afendis. Idan ya toshe ya kumbura, ciwo kan faro daga cibiya ya gangara dama, tare da zazzaɓi da amai. Cikin kwana 2 ko 3 yana iya fashewa, ruɓa ta bazu cikin ciki. Maganinsa sananne shi ne fiɗa da wuri.

A nan ne mu mutanen Baleyara da ƙasar Kurfai muke tuntuɓe. Mukan yabi mai cije ciwo, mu dama masa jiƙo, mu ce a jira motocin kasuwar Lahadi, alhali tsakanin Baleyara da asibitocin Yamai kimanin kilomita 100 ne kawai.

Shin wannan shi ne tawakkali? A'a. Jiki amana ce, kuma Manzon Allah (SAW) ya umurce mu da neman magani. Ajali na Allah ne, amma jinkirin namu ne, kuma za a tambaye mu a kansa. Mai haƙuri na gaskiya shi ne wanda ya kai majinyacinsa asibiti, sannan ya miƙa sakamako ga Ubangiji.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.