Ɓera da Daddawa: Tsokaci Kan Masu Lalata da Ƙananan Yara

Duk lokacin da aka kama wani babba da laifin lalata da ƙaramin yaro, abin da yakan fara fitowa daga bakinmu shi ne, "Wannan ai mahaukaci ne." Maganar takan sanyaya mana rai, domin shi mahaukaci tun daga nesa ake hango shi a kauce masa. To amma abin tambaya a nan shi ne, shin hankalin mutumin ne ya gushe, ko kuwa da hankalin ya yi aikin?

A shekarar 1984 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, David Finkelhor, ya bayyana matakai huɗu da mai wannan ta'asa yake bi. Da farko akwai muguwar sha'awa a ransa. Na biyu, sai ya danne zuciyar da take tsawatar masa, ta hanyar yaudarar kansa cewa yaron ba zai cutu ba, ko kuwa zai manta. Na uku, sai ya kawar da idon iyaye da masu kula. Na huɗu, sai ya karya turjiyar yaron da kyauta ko lallashi ko barazana. Wanda ya iya wannan dogon lissafi, har ya san ya ɓoye, lalle ya san abin da yake yi, saboda haka alhaki yana wuyansa.

Alal misali mu ɗauki Larry Nassar, tsohon likitan ƙungiyar 'yan wasan tsalle-tsalle da alkafura ta Amurka, kuma tsohon ma'aikacin Jami'ar Jihar Mishigan. Ya shafe shekaru yana cutar da 'yan mata da sunan magani, iyaye kuwa suna yi masa godiya. Tun 1997 aka fara kai kuka a kansa, amma manya suka fi gaskata likita. Sai a watan Janairun 2018, bayan mata fiye da 150 sun yi bayani a gaban kotu, aka yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175. Amana ita ce makaminsa, shirun manya kuma garkuwarsa.

Dangane da yaron kuwa, raunin da ya fi daɗewa shi ne na zuci. Wanda ya kamata ya tsare shi ne ya cuce shi, don haka yakan tashi da tsoro da ƙyamar kansa da kasa yarda da kowa, wani har ya tsufa barci yana gagararsa. Likitan ƙwaƙwalwa Roland Summit ya nuna a 1983 cewa irin wannan yaro yakan ɓoye, ya yi jinkirin faɗa, in ma ya faɗa ya ga gida ya hargitse sai ya janye maganarsa. Mu kuma sai mu ɗauki janyewar a matsayin shaidar ƙarya.

Kada mu zaci matsalar ta Turawa ce kaɗai. Binciken ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a 2014 ya gano cewa ɗaya cikin 'yan mata huɗu, da ɗaya cikin yara maza goma, sun gamu da irin wannan cin zarafi kafin su cika shekara 18. Duk da haka sau da yawa mukan zaɓi rufin asiri, har a sami mai cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan karin magana ba shi da mazauni a nan, domin yaro ba shi da wayon da zai raba laifi da babba. Idan muka rufe maganar don gudun abin kunya, asirin mai laifi muka rufa, muka kuma ba shi damar neman wani yaron. Kunyar tasa ce. Haƙƙin yaro a kanmu shi ne mu saurare shi, mu kai shi asibiti, mu kai ƙara gaban hukuma, sannan mu gaya masa a fili cewa bai yi laifin komai ba.