Hakkin Waɗanda Ba a Tambaya Ba Ranar Aza Harsashi

Sa'ad da mutum ya tara kuɗi da gumin goshinsa, ya sayi fili, ya kira magina, ko yana da iko ya gina duk abin da ransa yake so? Da yawa za su ce lalle yana da shi, gama kuɗinsa ne, filinsa ne kuma. Amma gida yakan daɗe fiye da mai shi. A cikinsa uwargida za ta yi girki, jarirai za su kwana, magada da 'yan haya kuma za su zauna. Ba wanda ya tambaye su inda taga za ta duba, duk da haka su ne za su sha zafin ɗakin. Ashe maganar ta wuce sha'awa, ta zama ta hakki.

Akwai wata dabarar gini wadda take samun karɓuwa a duniya, wato tsara gida bisa ga hanyar rana, domin ginin da kansa ya kawo ɗumi ko sanyi ba tare da inji ba. A ƙasashen sanyi na arewacin duniya, rana takan bi ta kudu ƙasa-ƙasa a lokacin hunturu, ta hau sama a lokacin zafi. Saboda haka akan sa manyan tagogi ta kudu, a yi musu rumfa wadda za ta bar hasken hunturu ya shiga, ta tare na lokacin zafi. A shekarar 1967, a Odeillo ta ƙasar Faransa, Félix Trombe ya gina gida mai katanga mai kauri da duhun launi a bayan gilashi. Katangar takan sha zafi da rana, ta sake shi cikin ɗaki da dare. Tsadar mai ta 1973 ta sa mutane da yawa suka waiwayi wannan hikima, a 1991 kuwa aka kammala gidaje a Darmstadt ta Jamus waɗanda makamashin ɗumama su kaɗan ne ƙwarai.

A Najeriya dabarar ɗaya ce, amma manufarta ta juya, gama a nan inuwa ake nema. Rana takan tsaya kusan bisa kai da tsakar rana, don haka rufi da bangon gabas da na yamma su ne suka fi shan wuta. Mai hikima yakan shimfiɗa tsawon gidansa daga gabas zuwa yamma, ya sa tagogi ta arewa da kudu suna duban juna domin iska ta ratsa, ya tsawaita bakin rufi, ya dasa itace ta yamma. Kakannin da suka yi soro da tubali mai kauri sun san wannan tun ba a rubuta shi ba. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya kammala makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon rufi sama da silin domin iska mai zafi ta sami mafita. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda take kan gaba a fannin zanen gini.

Dalilin da ya sa ake komawa ga wannan hanya ba ɓoyayye ba ne. Da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki. Gidan da ba ya zaunuwa sai da fanka da janareta ya zama kamar bashi wanda ake biya kowane dare. Ba maigida kaɗai yake biya ba. Ƙaramin janaretan nan da aka yi wa laƙabi da "na fi maƙwabcina" yakan tura ƙara da hayaƙi zuwa tagar wanda bai ci ba, bai sha ba. An kuma sha jin labarin iyalan da suka kwanta da janareta a kusa, hayaƙinsa ya ɗauke su cikin barci.

Wani zai ce wannan magana ta masu hali ce, gama talaka a birni ba ya zaɓen inda filinsa zai duba, ɗan haya kuma ba shi da ta cewa. Ginin ƙasa ma yana bukatar yaɓe da kulawa, damina kuwa ba ta raga masa. Gaskiya ne, ba za a ɗora wa mutum laifin abin da ya fi ƙarfinsa ba. Sai dai wannan yana ƙara wa mai iko nauyi ne. Wanda yake gina ɗakunan haya, ya ƙanƙanta taga, ya hana silin domin ya rage kashe kuɗi, bai kawar da tsadar ba, ya dai miƙa ta ga wanda ya fi shi rauni. Ban da haka, abu da yawa cikin dabarar nan ba kuɗi yake ci ba, tunani yake ci: juya zanen gida kafin a haƙa harsashi, barin itacen da aka tarar a fili, shafa wa rufi farin fenti.

Abin da yakan hana shi ne kunya da gasa. An ɗauki ƙasa alamar talauci, gilashi mai faɗi kuwa alamar arziki, ko da yana duban yamma yana gasa na ciki. Mutum yakan yi gini domin idon masu wucewa, ya manta da jikin masu kwana. Amma masu wucewa dubawa ɗaya za su yi su tafi, na ciki kuwa suna nan shekara da shekaru.

Ikon mai gini gaskiya ne, amma iko ne irin na mai riƙon amana. Kafin ya sa hannu a kan zane, ya kamata ya je filinsa da asuba, ya sake komawa da la'asar, ya ga inda rana take fitowa da inda take faɗuwa. Sa'an nan ya tambayi kansa ko yaron da zai kwana a ɗakin yamma bayan shekara talatin zai iya barci a daren da ba wuta.