Cibiyar Bokiti

Kifa bokitin roba ka dubi gindinsa. A tsakiya akwai ɗan tabo kamar cibiya. Ta nan narkakkiyar roba ta shiga. Shekara tara ke nan ina tsaye gaban injin da ke barin wannan tabo, a wata masana'anta a Sharaɗa.

Ƙwayoyin roba masu kama da shinkafa muke zubawa ta mazurari. Wani murɗaɗɗen ƙarfe yana juyawa cikin bututun da zafinsa ya haura digiri 200, ya narkar da su, ya tunkuɗa su da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe. Ruwan sanyi ya zagaya, mazubi ya buɗe, bokiti ya faɗo kafin minti ɗaya. Haka ake yin kujera da murfin kwalba, har da sirinjin asibiti.

Baba masassaƙi ne, da sassaƙar akushi da turmi ya ciyar da mu. Ranar da na kai masa bokiti na farko, ya jujjuya shi ya ce, "To, kai ka yi shi, ko kuwa kana wurin aka yi?"

Har yau tambayar tana cin raina, don ta wuce zancen bokiti. Ba ni na zana siffar ba, daga Sin aka kawo mazubin. Dabarar kuwa tun 1872 wani Ba'amurke, John Wesley Hyatt, ya yi mata rajista. To ina nawa? Irin abin da nake tambaya ke nan in na ji wa'azin ƙaddara: in an riga an rubuta, me za a tambaye ni a kai?

A makarantar zaure malaminmu ya koya mana cewa Allah ke halittar aiki, bawa kuma da kasabinsa, wato niyyarsa da zaɓinsa. Na haddace, amma sai a bakin inji na gane.

Wani dare gyangyaɗi ya ɗauke ni, zafi ya sauka ban lura ba. Bokitai suka yi ta fitowa da guntun baki. Mazubi lafiya lau, roba lafiya lau. Ko kusa bai zo mini a rai in ce ƙaddara ce in kwanta ba. Na san wanda ya yi barci. Na kwashe su na kai injin niƙa, da asuba na gaya wa maigida da bakina.