Sunan Aro da Haƙƙin Mamaci

Terry Pratchett, marubucin Ingila da ya shahara da jerin littattafan Discworld, ya rasu a watan Maris na 2015, ya bar wasiyyar cewa a lalata duk rubutun da bai kammala ba. A watan Agusta na 2017 mataimakinsa Rob Wilkins ya cika alƙawari: ya ɗauki faifan ajiyar kwamfutar marigayin ya kai wani bikin baje kolin tsofaffin injuna a Dorset, aka sa motar daɓe titi mai aiki da tururi ta bi ta kansa. Mu da sana'armu ita ce rubuta manhaja mun san abin da ya sa bai tsaya ga danna "goge" ba. Abin da aka goge a kwamfuta sau da yawa yana nan kwance, jiran mai tono kawai yake.

Shekara shida bayan haka, a 2023, sai ga sabon littafi da sunansa, A Stroke of the Pen. Gajerun labarai ne guda 20 da ya rubuta a shekarun 1970 da 1980, yawancinsu a jaridar Western Daily Press ta Bristol, da sunan aro, Patrick Kearns. Wasu masoyansa ne suka tono su daga tsofaffin jaridu, shafi bayan shafi. To, an ci amanar mamaci ke nan?

Amsar da ta fi sauƙi ita ce a'a. Waɗannan labarai shi da kansa ya kai su jarida, aka buga, jama'a suka karanta da shayin safe. Wasiyyarsa ta shafi abin da bai gama ba ne. Nan lamarin ya bambanta da na Franz Kafka, wanda ya roƙi amininsa Max Brod ya ƙona takardunsa, Brod kuwa ya buga su bayan rasuwarsa a 1924.

Sai dai wannan amsa ta tsallake abu ɗaya. Abin da Pratchett ya ɓoye shi ne suna. A aikinmu, haɗa bayanan da ba su da suna da ainihin mai su babban al'amari ne, ko da kowane ɓangare a fili yake, domin haɗawar ita ce tonon asirin. Duk wanda ya taɓa sakin labari a Facebook ko WhatsApp da sunan alƙalami, kamar yadda marubutan Hausa da yawa suke yi, ya san sunan aro rumfa ce da mai koyo ke fakewa ya yi tuntuɓe ba tare da an nuna shi da yatsa ba. Mu ma akwai manhajojin da muka rubuta muna ɗalibai da ba za mu so a liƙa musu sunanmu na yau ba.

Duk da haka mun fi karkata ga cewa bugawar ta halatta. Kearns sunan gidan mahaifiyarsa ne, kuma garin Blackbury da ke cikin labaran ya sake fitowa a littattafansa na yara da ya sa wa sunansa na gaskiya. Wanda yake so a rasa sawunsa har abada ba ya barin irin wannan alama. Mutumin da ya yi tunanin motar daɓe titi kuwa ya san yadda ake hana abu idan da gaske yake nufi.

Inda muke jin nauyi shi ne wajen karatu. Sunan da ke bangon littafin na dattijon da ya rubuta littattafan Discworld 41 ne, amma hannun da ya rubuta labaran na saurayin ɗan jarida ne da ke cika shafi kafin lokacin buga jarida ya ƙure. Kamfanin ɗab'i sunan dattijon yake sayarwa. Mai karatun da ya fara sanin Pratchett ta wannan littafi zai auna shi da aikin da shi kansa bai yarda ya sa wa hannu ba, kuma ba ya nan balle ya ce a fara da wani.