Ta'aziyya ga Yayata a Kanya

Yaya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan yaron nan, ya sa mai ceto ne gare ki da mahaifinsa. Ɗan fari ne, na san alkunya ba za ta bar ki ki yi kuka gaban masu gaisuwa ba, balle ki kama sunansa. Shi ya sa na rubuto miki abin da ba ya faɗuwa a zaman makoki.

An ce tun ranar da aka tsamo shi daga rafi kike ta faɗin da kin ƙara sa masa ido da bai tafi ba. Wasu kuma wai suna cewa dama kunnen ƙashi gare shi, sangarta ce. Wannan ta ƙona mini rai, domin ba haka ba ne. Likitan da ya duba shi bara ai ya faɗa mana sunan abin: ADHD, lalurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi. Kusan yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita, kuma galibi gadonta ake yi.

A bayan goshi akwai sashen ƙwaƙwalwa da ke yi wa mutum birki, shi ke cewa dakata tukuna kafin ƙafa ta taka. A 2007 masu bincike a Amurka suka fitar da sakamakon hotunan ƙwaƙwalwar yara 223 masu lalurar, da wasu 223 marasa ita. Ɓawon ƙwaƙwalwar sauran yara kan kai iyakar kaurinsa wajen shekara 7 da rabi, na masu lalurar kuwa sai 10 da rabi, kuma jinkirin ya fi tsanani a wannan sashe na gaba. Namu shekararsa 9. Ya ji gargaɗinki sarai, da an tambaye shi zai maimaita shi tiryan-tiryan. Amma da ya ga ruwan damina ya cika rafi, tsararsa na tsalle ciki, sai jiki ya riga tunani.

Ko a Denmak, ƙasar da ba ta rasa likitoci ba, binciken da aka buga a 2015 kan mutane kusan miliyan 2 ya nuna mutuwar wuri ga masu lalurar ta ninka ta sauran, akasari ta hanyar haɗari. To ina ga Kanya, inda uwa ke gona, ke daka, ke ɗebo ruwa, rafi kuma ba shinge? Ido biyu kawai Allah ya ba ki, Yaya, kuma kin yi iyakar ƙoƙarinki. Kwanansa ne ya ƙare.

Bai balaga ba, ba a fara rubuta masa zunubi ba. Ƙiriniyar da ya sha bulala a kanta, Ubangijinsa ba zai tuhume shi da ita ba. Ni dai abin da nake tunawa shi ne ba yaron da ya kai shi korar tsuntsaye a gonar dawa, kuma ko rabin ƙuli-ƙuli ya samu sai ya ɓantara wa ƙaninsa.

Ƙanin nan ne ma ke cikin raina. Kin taɓa ce mini shi ma ba ya zama wuri ɗaya. Bayan sadakar arba'in zan zo, in Allah ya yarda, mu kai shi asibiti a Zuru. Idan aka tura mu asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, kusa da Sakkwato, gidana zai sauka. Akwai magani, akwai kuma dabarun reno da ake koya wa iyaye. Ki isar da ta'aziyyata ga maigida da su Inna. Allah ya raya mana sauran.