KO YA DACE A MAI DA YAƘI ABIN WASA?

Tun muna yara mun san wasa daban, faɗa daban. Yara su kan yi dokin kara da bindigar kara, su rabu biyu, su yi ta kai wa juna hari a dandali. In magariba ta yi, wanda aka kashe da wanda ya kashe shi su sa hannu a akushi guda. Ba a taɓa kai ƙararsu gaban alƙali ba. To, akwai wani wasan yaƙi na manya wanda ya fito daga Ingila, ya fara a kan tebur, daga baya ya shiga kwamfuta, ya bazu cikin duniya. Shi na ke so mu duba tare, ya kai mai karatu, mu ga ko ya dace mai hankali ya mai da yaƙi abin shaƙatawa, in kuwa ya dace, ina iyakarsa.

Bari mu fara da asali. Cikin shekarar 1824 wani hafsan soja na Furushiya, watau wani yanki na ƙasar Jamus, mai suna Reisswitz, ya nuna wa manyansa wani wasa da ya gada daga ubansa ya gyara. A kan shimfiɗa taswira, a jera 'yan ƙarafa ja da shuɗi a madadin runduna, a sa alƙalin wasa a tsakani. Manyan suka karɓa, aka riƙa koya wa hafsoshi dabarun yaƙi da shi. Sa'an nan cikin 1913 wani marubuci Bature, H. G. Wells, ya buga littafi mai suna Little Wars, ya tsara yadda manya za su yi wasa da 'yan sojojin dalma da 'yar igwa mai harba ɗan itace. Shi Wells ba mai son yaƙi ba ne. A ganinsa, wanda ya yi ƙaramin yaƙi a tsakar ɗaki zai gane wautar babban. Shekara ɗaya bayan wannan, cikin 1914, aka fara Yaƙin Duniya na Farko, miliyoyin mutane suka halaka. Ashe dai wasa bai hana yaƙi ba. Ba kuma shi ya kawo shi ba.

Cikin 1975 waɗansu samari uku suka kafa wani kamfani a Landan mai suna Games Workshop, wanda yanzu babban ofishinsa ya ke a Notingham. Cikin 1983 kamfanin ya fito da wasan Warhammer, na takobi da mashi da dodanni. Cikin 1987 ya fito da ƙanensa, Warhammer 40,000, wanda labarinsa ya ke faruwa kamar shekara dubu arba'in nan gaba, a tsakanin taurari.

Ga yadda a ke yinsa. Mutum zai sayi 'yan sojojin roba, yawancinsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. A gutsuttsure su ke zuwa. Shi zai yanke su, ya haɗa da gam, ya ɗauki buroshi mai bakin allura ya shafa musu fenti ɗaya bayan ɗaya, har ido, har maɓallin riga. Runduna guda ta kan ci makonni, wani ma watanni. In ta kammala, sai ya nemi abokin wasa, shi ma da tasa rundunar. Su jera su a kan tebur mai tsawon ƙafa biyar ko shida, su riƙa auna tafiyar kowane soja da inci, su jefa ƙwayoyi masu fuska shida irin na lido don a san ko harbi ya samu ko ya kuskure. Ba kuɗi a ke zubawa ba, balle a ce caca ce. Bayan sa'a biyu ko uku a ga wanda ya ci, su yi musafaha, kowa ya kwashe sojojinsa ya zuba a akwati.

Labarin da aka gina wasan a kansa kuwa mummuna ne, da gangan kuma aka yi shi haka. A cikin tatsuniyar, akwai wani Sarkin Sarakuna wanda ya shekara dubu goma a kan gadon zinariya, bai mutu ba bai yi rai ba, kowace rana ana salwantar da rayuka dubu don kada numfashinsa ya yanke. Talakawansa har sun mai da shi abin bauta, wa'iyazu billahi. Daularsa ba ta san sulhu ba, ba ta san afuwa ba, duk wanda ya saɓa mata ko ya sha bamban da ita sai kisa. Waɗanda suka ƙaga labarin gatse su ke yi. Suna nuna inda ƙiyayya da girman kai ke kai mulki in an bar su ba linzami. Da wasa a kan gaya wa wawa gaskiya.

Da kwamfuta ta yawaita, sai aka fara juya wasan zuwa cikinta. An yi Space Hulk cikin 1993. Cikin 2004 wani kamfani na Kanada, Relic, ya yi Dawn of War, inda mai wasa ke kallon fagen fama daga sama yana ba runduna umurni. Cikin 2011 kamfanin nan dai ya yi Space Marine, aka kuma fito da na biyunsa cikin watan Satumba na 2024 ta hannun wani kamfani dabam, miliyoyin mutane suka saya. A wannan, mai wasa ba ya tsayawa daga sama. Shi ne jarumin da kansa, wani barde mai suna Titus, sanye da sulke shuɗi, yana kutsawa cikin abokan gaba da takobi mai haƙoran zarto. Ɗaya wasan kuma, na takobi da mashi, wani kamfanin Ingila, Creative Assembly, ya juya shi har kashi uku da sunan Total War: Warhammer, cikin 2016 da 2017 da 2022.

Kada mu yi wa na'ura rashin adalci, gama ta yi abin kirki. 'Yan sojojin nan suna da tsada ƙwarai, ga fenti, ga littattafan dokoki, ga neman abokin wasa. Wanda ba shi da hali, ko wanda ke zaune nesa da inda a ke sayar da su, ko mara lafiya da ba ya iya fita, duk na'ura ta buɗe musu ƙofa. Har wa yau ta riƙe abin da ya kusa ɓacewa. Cikin 2015 kamfanin ya rufe tsohon wasan takobi da mashi na kan tebur, ya kawo wani a madadinsa. Mutane da yawa a cikin kwamfuta suka fara sanin wannan tsohuwar duniya, suka so ta. Cikin Janairu na 2024 aka komo da ita kan tebur da sunan The Old World. Wannan kuwa alheri ne, ba mai musu.

Amma fa kowane ƙaura akwai kayan da a kan bari a tsohon gida. Na farko shi ne haƙuri. Wanda ya kwana uku yana shafa wa ɗan soja guda fenti ba ya jefa shi cikin halaka da ganganci, in kuwa aka cinye shi ya kan ji abin a ransa, ko da ya ke roba ce. A cikin na'ura, in soja ya faɗi sai a danna maɓalli wani ya fito. Abin da ba a sha wuyarsa ba, ba a san darajarsa ba.

Na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne fuskar abokin karawa. A cikin labarin akwai waɗansu halittu da a ke kira Tyranid, kamar fara su ke, sai dai manya, suna cinye duk duniyar da suka sauka. Ba a magana da su, ba a sulhu da su. To, a kan tebur, ko da rundunar da ke gabanka ta waɗannan dodanni ce, wanda ke bayanta abokinka ne. Shi ya saye su, shi ya shafa musu fenti, yana ma jira ka yaba masa. Kana ganin idonsa, yana ganin naka. In ka yi ha'inci wajen awo za ka ji kunya, in ya sha kashi za ka ba shi haƙuri. Tebur yana tuna maka kullum cewa bayan kowane abokin gaba akwai mutum. A cikin Space Marine na biyu kuwa, dodannin nan ɗaruruwa su ke kwararowa, a mafi yawan wasan ba kowa a bayansu sai lissafin na'ura. Ko inda a ke karawa da mutane ta intanet, suna kawai ka ke gani, ba fuska, shi ya sa zagi ya ke da arha a can.

Wannan abu na san shi a aikina, ko da ya ke ba na riƙe takobi. Ni rubutu na ke yi a ofis. Na sha rubuta cewa mutum kaza ba su biya abin da ke kansu ba, a ɗauki mataki a kansu, hannuna bai ko girgiza ba, gama adadi ne a takarda. Ran nan ɗaya daga cikinsu ya zo ya tsaya gabana, tsoho, da riga mai faci, ya gaishe ni da ladabi. Sai alƙalamin ya yi mini nauyi. Dokar ba ta sāke ba, bashin bai ragu ba, amma na ga ido. Kunya da tausayi a ido su ke zaune. Duk abin da ya saba wa mutum da yin hukunci ba tare da ganin ido ba, ya kamata a yi hattara da shi.

Na uku shi ne wurin tsayawa. Mai wasa a tebur yana tsaye a sama, yana kallon daular zalunci kamar yadda mu ke kallon 'yan tashe suna kwaikwayon mugun hali, muna dariya muna ɗaukar darasi. Amma in an sa maka sulken barden azzalumin sarki, aka buga maka tambari, aka nuna maka kai kaɗai ne tsakanin jama'a da halaka, sa'a goma kana cikin wannan kwalkwali, da wuya ka tuna gatse a ke yi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kada ka ce tsoro ne na banza. Cikin 2021, a wata gasar wasan tebur a ƙasar Sifen, wani ya zo sanye da alamun 'yan Nazi. Cikin Nuwamba na shekarar kamfanin ya fito da sanarwa, ya ce daular nan ba abin koyi ba ce, zambo ce, ya kuma ce masu ɗauke da alamun ƙiyayya ba su da wuri a tarurrukansa. Lura fa, wannan a gaban tebur ya faru. In har gatse ya kan ɓace wa wani a inda a ke ganin ido, ina ga inda ba a gani?

Wani zai ce, "Malam, ka cika tsanani. Miliyoyi suna wannan wasa, ba su taɓa marin kowa ba." Gaskiyarsa. Ni ma ban ce wasa ya kan mai da mutum mai kisan kai ba. Jinin da ke cikin na'ura launi ne kawai, mai hankali ya san haka. Abin da na ke tsoro ya fi jini ɓoyuwa, shi ne zuciya ta saba da tunanin cewa akwai abokin gaba wanda ba shi da fuska, ba shi da uwa, ba a sulhu da shi, maganinsa kawai a share shi. A cikin tatsuniya akwai irin wannan. A cikin 'yan Adam babu shi, ko ɗaya. Duk sa'ad da aka so a yi wa wata al'umma kisan ƙare dangi, sai an fara cire mata fuska. A Ruwanda cikin 1994, wani gidan rediyo ya yi ta kiran Tutsi kyankyasai, maƙwabta suka ɗauki adda a kan maƙwabta. Ba wasan kwamfuta ya jawo wannan ba. Amma ƙofar da aka shiga ita ce dai wannan, a ce wancan ba mutum ba ne.

To, mene ne hukunci? A ganina wasan yaƙi ba laifi ba ne a kan kansa, ko a tebur ko a na'ura. Mu ma ran Salla mahaya su kan zaburo dawaki, su ɗaga masu a gaban Sarki, ba mai cewa sun yi ta'adi, gama kowa ya san gaisuwa ce. Sai dai abin da tebur ke yi wa mai wasa kyauta, mai wasan na'ura dole ya yi wa kansa. Ya riƙa tuna sulken wa ya sa, da irin sarkin da barden nan ke yi wa aiki. In yana karawa da wani ta intanet, ya yi masa magana kamar yana zaune gabansa. Kada wasan ya ci masa salla, ko aiki, ko kuɗin cefane. Uba kuma ya duba, gama a Turai an buga wa Space Marine na biyu alamar shekara 18, watau masu awon irin waɗannan wasanni da kansu sun ce ba na yara ba ne.

Akwai ma'auni guda wanda ba ya bukatar ilmi mai zurfi. In ka tashi daga wasan, dubi yadda ka ke ji game da maƙwabcinka wanda ba harshenku ɗaya ba, ba addininku ɗaya ba. In har kana iya sa hannu a akushi guda da shi kamar yaran nan na dandali, to, wasa ka yi. In kuwa ka ji ya fara yi maka kama da dodannin cikin na'ura, rufe ta, ka fita ka gaishe shi, ka dubi idonsa.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa yaƙinmu ya tsaya a kan tebur. Amin.