Taya Mai Kuka Da Barcin Maƙwabci

Jama'a, ga wata tambaya da za ta yi kama da wasa. Mutum yana da mota, tayoyinta huɗu ba su fashe ba, ba sa sacewa, amma da ya hau kwalta ya ɗan taka wuta sai su kama kuka, "wuuu", har daga cikin ɗaki ana jin wucewarsa. Shin ya zama dole ya canza su? In ya canza, ya kyauta ne ko ya yi almubazzaranci? In kuma ya bar su, akwai wanda ya zalunta? Mu da muke zaune a Agege, tsakanin layin dogo da titin Abeokuta da gadar sama ta Pen Cinema, wannan magana ta shafe mu ta fuska biyu, domin a cikinmu akwai masu motocin, a cikinmu kuma akwai masu kwana a bakin titin.

Bari mu fara da abin da ke sa taya kuka. Da yawa muna ɗauka ƙarar mota daga inji da salansa take fitowa. Haka ne in motar na tsaye ko tana jan ciki a cunkoso. Amma ƙaramar mota da ta wuce gudun kilomita 30 zuwa 50 a awa, ƙarar da ke tsakanin taya da kwalta ita ke rinjayar ta inji. Haƙoran taya suna dukan kwalta ɗaya bayan ɗaya, iska tana matsewa a cikin ramukan zanen tana fita da ƙarfi, jikin tayar kuma yana amsawa kamar fatar ganga. Taya mai manyan haƙora, irin wadda aka ƙera domin laka da daji, ta fi kowace surutu a kan kwalta. Haka wadda ta tsufa robarta ta ƙeƙashe, da wadda ta cinye gefe ɗaya saboda ba a daidaita ƙafafun motar ba, da wadda ta yi tudu da kwari saboda shokozoba ya mutu. Wani lokaci ma tayar ba ta da laifi, boris ne ya lalace yake gurnani, mai mota ya je ya zubar da kuɗi a kan sabuwar taya, ƙara kuma tana nan.

Akwai abin lura a nan. Ƙarar taya kashi biyu ce: wadda ke shigowa cikin mota, da wadda ke fita waje. Yawancin masu canza taya saboda ƙara, kunnensu suke ji wa tausayi. Alhaji yana son ya amsa waya cikin natsuwa, ko ya saurari karatu a hanyar Ibadan ba tare da ya ƙure rediyo ba. Babu laifi a wannan. Sai dai shi yana iya ɗaga gilashi ya kunna sanyi, ya rage abin. Wanda ke waje ba shi da gilashin ɗagawa.

To, masu cewa wannan magana ta masu ƙoshi ce suna da hujjoji, kuma bai kamata mu yi musu kunnen uwar shegu ba. Za su ce: a Legas ɗin nan da janareto ke kwana yana ruri, da danfo ke danna hon ba dalili, da lasifika ke tashi ta kowace kusurwa, taya ce za ta hana wani barci? Za su ƙara da cewa taya ba araha ba. Tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, kusan duk tayar da muke sawa daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin dala. Shi ya sa talaka ya dogara da tokumbo, duk da cewa tsohuwar taya tana cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su. Mutumin da ya yi adashi ya sayi taya guda, a ce ya cire ta don tana kuka? Hujja ta uku ta fi nauyi: tayar da aka cire da sauran ranta ba ɓacewa take yi ba. Ko a sayar wa wani ya ci gaba da kukan a wata unguwar, ko a yasar da ita ta tara ruwan sama sauro ya yi gida, ko a ƙona ta hayaƙin ya shiga ƙirjin yara. Ke nan an magance wata cuta da wata.

Sannan akwai hujjar lissafi. Ana auna ƙara da abin da ake kira desibel, kuma lissafinsa ba irin na kuɗi ba ne. In motoci 100 masu ƙara iri ɗaya suna wucewa, ka cire guda, raguwar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na desibel ba. Babu kunnen da zai ji bambanci. Don haka mai mota zai iya cewa, da gaskiyarsa: "Ko na canza, ko ban canza ba, maƙwabcina ba zai san na yi ba."

Wannan gaskiya ce, amma ita ce dai gaskiyar da mai jefa ledar ruwa a kwata yake faɗa wa kansa. Leda ɗaya ba ta toshe magudana, amma duk mun san abin da ke faruwa da damina. Da yayyafi kogi kan cika. Kuma wannan lissafin na desibel yana da wata fuskar: in kowace mota ta rage desibel 3, daidai yake da a ce an raba motocin titin gida biyu an kwashe rabi. Tsakanin taya da taya masu girma ɗaya kuwa akan sami bambancin da ya kai haka. Abin da mutum ɗaya ba zai iya nunawa ba, jama'a suna iya yi. In muka yarda cewa duk cutar da ba a iya gano mai ita ba ta da mai ita, to mun buɗe ƙofar da ba za mu iya rufewa ba.

Wa ke shan wannan ƙarar? Mu duba da kyau. Mai hali yakan yi gida can ciki, bayan katanga. Ɗakin da ke fuskantar titi, shagon da ake kwana a cikinsa bayan an tashi kasuwa, bencin mai gadi, rumfar mai shayi, tabarmar yaron da ya zo cin rani bai sami ɗaki ba tukuna, su ne a bakin kwalta. Ƙarar tana tashi daga wanda ya mallaki mota ta sauka a kan wanda sau da yawa ko keke ba shi da shi. Zai ce maka ya saba, kuma da gaske kunne yana sabawa. Jiki ne ba ya sabawa: mai barci a cikin ƙara yakan yi ta farkawa sama-sama bai sani ba, ya tashi da gajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar wa ƙasashen Turai a 2018, ta ba da shawarar kada ƙarar titi ta wuce desibel 45 da dare, ta kuma danganta daɗewa cikin ƙarar titi da rashin barci da ciwon zuciya. Hukumar kare muhalli ta Jihar Legas, LASEPA, ita ma ta sa iyakar desibel 55 da rana, 45 da dare a unguwannin zama. Ba wanda zai zo ya kama ka saboda kukan taya. Shi ya sa ma maganar ta koma tsakanin mutum da zuciyarsa.

A ganinmu, kukan taya ba hukunci ɗaya gare shi ba, sai an duba daga ina ya fito.

Akwai kukan da alama ce ta ciwo. Tayar da ta kumbura, ko ta cinye gefe har waya ta leƙo, ko boris da ke gurnani, suna faɗa maka ne cewa wani abu na shirin faruwa. A nan babu wani dogon nazari, gyara ya zama tilas, domin rai ake magana. Ba mu manta da ranar 6 ga Maris 2016 ba, da tayar mota ta fashe a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa. In motar minista za ta iya kifewa saboda taya, ina ga tamu? Hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, ta sha nanata cewa shekara huɗu ne ran taya daga lokacin da aka ƙera ta. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na 2019. Duk mai sayen tokumbo ya koyi karanta wannan, ko da bai iya karanta komai ba.

Akwai kuma kukan da mutum ya saya da kuɗinsa da gangan. Mai jif da bai taɓa barin kwalta ba, daga Agege sai Ikeja sai masallacin Juma'a, amma ya sa mata tayoyin daji masu haƙora kamar na tarakta, don a ce motar ta yi kwarjini. Wannan ba talauci ya sa shi ba, ai tayoyin sun ma fi tsada, sun kuma fi shan mai. Ya sayi ado ne ya biya da barcin wasu. Shi kam muna ganin ya kamata ya canza, kuma yana da halin yi. Mai zuwa ƙauye ɗauko kaya a hanyar laka, wannan daban, buƙata ce ta sa shi.

Sai na ƙarshe, wanda shi ne yawancinmu: taya lafiyayya, da sauran zanenta, shekarunta ba su wuce ba, sai dai tana da ɗan surutu. Ba mu ga dalilin da zai sa a ce wa mai ita ya yar da ita ba. Ba a ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ɓarnar cire ta za ta fi amfanin. Amma fa wannan bai wanke shi tas ba. Nauyin da ke kansa yana jiransa a wuri biyu. Na farko ranar da tayar ta ƙare ya je sayen wata: nan ne zai tambayi wadda zanenta na kwalta ne, in farashi ya yi kusa ya zaɓi mai shiru. Tun daga 2012 Tarayyar Turai ta tilasta a manna wa sabuwar taya takarda mai nuna desibel ɗin ƙarar da take fitarwa waje, kuma wasu tayoyin da ke zuwa mana suna ɗauke da ita. Na biyu kuwa a ƙafarsa yake, kullum. Ƙarar taya tana hawa da gudu. Wanda ya sauko daga gada ƙarfe biyun dare ya ga titi fayau, in ya ɗaga ƙafa daga totur ya bi unguwa a hankali, ya rage ƙarar da ko sabuwar taya ba za ta rage ba, kuma bai kashe ko sisi ba. Sannu ba ta hana zuwa. Haka tsayawa wurin mai faci a auna iska, da juya tayoyi gaba da baya bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000, da daidaita ƙafafu in sitiyari ya fara ja gefe. Duka waɗannan suna rage kuka, suna kuma ƙara wa tayar kwana. Nan amfaninka da na maƙwabcinka suka haɗu.

Mu kuma yi adalci wajen rabon laifin. Direban da ke aiki a ƙarƙashin wani ba shi ke sayen taya ba. In ya ce, "Oga, tayar nan tana kuka," aka ce masa ya lallaɓa, to nauyin ya koma kan mai motar. 'Yan'uwanmu masu manyan motocin shanu da na kayan gwari su ji wannan da kyau. Gwamnati ma tana da nata kason, domin titin da ya farfashe ko aka yi masa faci barkatai yana ƙara wa kowace taya murya. A ranar 15 ga Oktoba 2014, a zamanin Gwamna Fashola, an yi ranar da aka roƙi direbobin Legas kada su danna hon. Rana ɗaya ba ta canza gari ba, amma ta nuna cewa ƙara abu ne da mutane ke yi, don haka mutane na iya ragewa.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta fi dacewa da mu mazauna zango. Fiye da shekara ɗari ke nan da kakanninmu suka sauka a wannan wuri da fataucin goro da shanu, kuma abin da ya zaunar da su lafiya da masu masaukinsu shi ne kiyaye abin da ba a rubuta ba. Maigida yana ɗaukar alhakin baƙonsa, baƙo kuma yana lura da inda zai taka. Malamanmu sun karantar da mu girman haƙƙin maƙwabci, ba su ware mana Bahaushe daga Bayarabe ko Ibo ba, sun kuma nuna mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya aikin lada ne. Mun saba fahimtar wannan a matsayin ƙaya ko dutse ko ɓawon ayaba. Ƙara ma abin cutarwa ce a kan hanya, illa dai ba a ganinta, kuma da ta gama ɓarna sai ta tafi ba ta bar shaida ba.

Shirun dare kamar rijiyar unguwa yake: ba na kowa ba ne shi kaɗai, kowa kuma yana sha. Saboda haka in tayarka tana kuka, ɗan'uwa, kai ta wurin mai faci ko makanike a gano dalili. In ciwo ne, gyara tun kafin ta kai ka ƙasa. In ado ne, ka san da kuɗin wa kake yin adon. In kuwa halittarta ce haka, ci gaba da ita har ta ƙare, ka riƙa sassauta ƙafa inda mutane ke kwance, ranar saye kuma ka tuna da su. Allah ya tsare mana hanya, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.